Filin Kwamfuta: Saba ta ƙi ganin had-dis, dis ɗin ne ko wayar?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili. Saƙonnin da suka taru mana wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suke, wato jona had-dis, faifan ajiyar bayanai, a cikin saba, babbar kwamfutar da ke ajiye wa sauran kwamfutoci bayanai, shi yasa na haɗa su wuri guda, tunda yanzu saba ta wuce bankuna da manyan ofisoshin birni, ta shigo cibiyoyin CBT na ƙananan hukumomi da makarantu da asibitocin karkara har da shagunan da ake tura wa mutane karatu da fina-finai a waya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wani malamin makaranta a ƙasar Ringim: Salam Injiniya ya aiki ya iyali. Makarantarmu ta samu saba ta hannu irin mai tsayuwar nan, a ciki muke ajiye sakamakon yara da hotunansu da tambayoyin gwaji, wuri ya cika sai muka sayo sabon had-dis 4TB na saka da kaina na jona waya amma wallahi ko alamarsa babu a Windows, shugaban makaranta har ya fara cewa ko matacce aka sayar mana. Dan Allah a taimaka.

Wa alaikumus salam Malam, aiki da godiya. A gaida shugaban makaranta a ce masa ya ɗan dakata tukun, in aka bi diddigin irin wannan yawanci a waya ake samun matsalar ba a dis ba. Ka ce ka jona waya, to waya nawa ka jona? Had-dis irin SATA baki biyu gare shi a bayansa kuma kowanne da tasa wayar. Ƙaramin bakin mai haƙora 7 shi ne na data, wayarsa siririya ce mai faɗi-faɗi, sau da yawa ja ko shuɗiya ko baƙa, daga dis take tashi ta tafi kan bod, wato babban allon kwamfutar, inda zaka ga an rubuta SATA0, SATA1 da sauransu. Babban bakin mai haƙora 15 shi ne na wuta, tasa wayar daga fawa-fak, akwatin da ke rarraba wuta a cikin sabar, take zuwa. In ka saka ta data kaɗai dis ɗin ko motsi bazai yi ba, in kuma ta wuta kaɗai ka saka zai yi ta juyawa har ya ɗau ɗumi amma sabar bata san da zamansa ba.

Kafin ka sake buɗe ta, kashe ta daga Windows sannan ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, kashe soket kawai bai isa ba, in fawa-fak biyu gare ta to duka biyun zaka zare, sai ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 sauran wutar da ta maƙale ta fita. Sabobi da yawa suna da 'yar fitila a kan bod, muddin tana ci to da sauran wuta a ciki, kar ka sa hannu. Kuma ka dafa ƙarfen jikin akwatin da tafin hannunka kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu, ɗan tartsatsin nan da kake ji in ka cire rigar sanyi ko ka taɓa ƙofar mota ya isa ya lalata ɗan koren allon da ke ƙarƙashin dis ba tare da ka ga hayaƙi ko ka ji ƙauri ba.

Yanzu haska tocila ka kalli bakin da kyau. Zaka ga ɗan harshen robar da haƙoran suke kwance a kai ba miƙaƙƙe bane, a gefe ɗaya ya lanƙwasa kamar harafin L, haka ma ramin da ke kan wayar. An yi shi haka ne don kar ya shiga a juye. In ka daidaita su da yatsa biyu zai zame ya shiga, wasu wayoyin masu ɗan kilif na ƙarfe har zaka ji sun yi ƙas. In ka ji kana buƙatar ƙarfi to a juye ka riƙe, tsaya ka sake dubawa. Harshen nan siriri ne ƙwarai, na sha ganin dis lafiyayye an ɓalle masa shi ya maƙale a cikin kan wayar, haƙoran zinaren sun rage a tsaye tsirara suna lilo, kuma duk bayanan mutane na ciki.

In ka jona duka biyun ka kunna, ɗora bayan yatsunka a saman dis ɗin. In kana jin yana ɗan kakkarwa to wuta ta isa, sai mu koma ɓangaren data: canza wayar, canza bakin da ka saka a kan bod, sannan ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin da sabar ke tashi kafin Windows, a Dell F2 ne a HP kuma F9, ka duba ko bakin a kashe yake, don wasu sabobin kowane baki sai an kunna shi. In BIOS ta gan shi to ka gama da waya, saura Windows, kuma nan ne mutane da yawa suke tsayawa su ce ya mutu alhali sabon dis baya fitowa cikin jerin C da D sai ka shiga Disk Management ka shirya shi ka bashi harafi. Da ta tambaye ka tsarin da za a shirya shi, MBR ko GPT, ka zaɓi GPT, don MBR iyakarsa 2TB, rabin dis ɗinka zai tafi a banza. Sai dai in ta katin RAID, wato katin da ke haɗa dis da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ka jona shi kuma katin tsoho ne sosai irin PERC 6/i, wannan shi kansa katin baya ganin abin da ya haura 2TB.

To in kuma shiru ka ji ko kakkarwa babu, ga wani abu da ya kamata kowa ya sani. Wayar wutar SATA kala huɗu ce, rawaya 12 bolt, ja 5 bolt, baƙaƙe na ƙasa wato ground, sai mai ruwan lemo 3.3 bolt wadda ke zuwa haƙora uku na farko, waɗanda suka fi kusa da bakin data. Tun wajen 2016 aka sauya aikin haƙori na uku a wasu manyan dis, ya zama in ya ga wuta umarni ne dis ya kashe kansa, an yi haka ne don masu manyan rumbunan saba su iya kashe dis su kunna daga nesa. Sai ya zama tsohon fawa-fak yana ta tura 3.3 bolt wurin, dis ɗin kuma yana biyayya ya ƙi tashi. Maganinsa a yanki siririn salatif mai jure zafi, irin mai ruwan zuman nan da masu gyaran waya ke amfani da shi, a rufe haƙori na ukun a jikin dis, ko an rufe duka ukun farko ba laifi tunda had-dis da 5 da 12 yake aiki. Ka gwada ka sanar da mu.

Daga wani matashi mai shagon turi a Sumaila: Oga barka da aiki, na shiga Kano na samo dis 600GB guda biyu da araha mai su yace daga saba aka ciro, na dawo gida wayar taƙi shiga kwata kwata kamar an toshe tsakiyar bakin, in fere wurin da reza zai yi?

Ƙanina ajiye rezar nan dan Allah. Abin da ka sayo SAS ne, irin dis ɗin da ake yi wa saba, ba SATA ba, duba takardar da ke manne a samansa zaka ga an rubuta SAS, ƙila da 10K ko 15K, wato yana juyi 10,000 ko 15,000 a minti, na SATA kuwa 5,400 ne ko 7,200. A SATA akwai giɓi tsakanin bakin data da na wuta, a SAS an cike giɓin da roba, in ka juya shi ma zaka ga wasu ƙananan haƙora a bayan wurin, na hanya ta biyu ce da dis ɗin ke da ita. Da gangan aka toshe, don ko ka fere wayar ta shiga bod ɗin SATA baya jin maganar SAS, haka ma 'yan adaftocin da ake sayarwa, baki kawai suke canzawa. Hanyar ɗaya take tafiya, katin SAS yana karɓar dis ɗin SATA amma bakin SATA baya karɓar SAS.

In kana son morar su sai ka samu katin SAS, irin LSI 9211-8i ko PERC H310, da wayar da ake kira SFF-8482 mai rufe bakin dis ɗin gaba ɗaya a bayanta kuma a jona wuta. Amma gaskiya a shawarce, kai da kake aiki da sola da batir, irin waɗannan dis suna da cin wuta da zafi da ƙara, kuma 600GB ba wani wuri bane wajen mai turi. In mai su zai karɓa a musanya da SATA ko da ciko ne ya fi maka.

Daga wata ma'aikaciyar ajiye bayanai a wani asibitin karkara wajen Gumel: Assalamu alaikum Malam. Sabarmu dis huɗu ne a ciki, wani yaro mai gyara ne ya ƙara mana biyu bara. Shekaranjiya da aka tada inji sai muka ji ƙauri kamar ana ƙona leda, muka kashe da sauri, da aka buɗe sai ga kan wata waya ya narke ya manne da bakin dis ɗaya yayi baƙi. Rajistar masu awo da ta rigakafin yara duk a ciki suke, hankalina a tashe yake.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba, kuma kun kyauta da kuka kashe nan take. Abu na farko kar wanda ya sake kunna ta da wannan dis a jiki wai don a gwada. A ciro shi a hankali a naɗe shi a ledar da ake sayar da dis a ciki a kai wa wanda aikinsa ke nan. Ki kwantar da hankali, bayanan ba a baki suke ba kuma ba a koren allon suke ba, suna kan faifan da ke rufe a ciki, sau da yawa bakin ne kawai ya ci wuta ko wani ɗan ƙaramin abin kariya da ke kan allon ya ƙone ya tare sauran. Abin da ke ƙarasa dis shi ne a yi ta jona shi ana gwadawa, ko wani ya kwance murfinsa a cikin ƙurar shago.

Daga yadda kika kwatanta kusan na san me ya faru. Wayoyin wutar sabar basu isa dis huɗu ba sai aka sa adafta, wadda gefe ɗaya tsohon fulogi ne fari mai ramuka 4 da ake kira Molex ɗaya gefen kuma SATA. Adaftar nan iri biyu ce a kasuwa kuma wallahi ina so kowa ya iya bambance su da ido. Akwai wadda aka zuba narkakkiyar roba a kan wayoyin ta daskare ta zama dunƙule ɗaya sumul, baka ganin inda waya ta haɗu da ƙarfe. Ita ce mai araha kuma ita ce aka sani da kamawa da wuta, don a cikin dunƙulen wayoyin suna iya matsowa kusa da juna, zafi ya yi ta aiki a hankali har rawaya ta haɗu da baƙa. Ɗayar kuwa zaki ga kowace waya ta shiga raminta daban an matse ta da ƙarfe, wasu ma da ɗan murfi a baya da ake ɓallewa. Ita za a nema ko ta fi tsada.

Sai maganar reshe. Kowane haƙori a bakin wutar SATA amfiya 1.5 aka yi shi ya ɗauka, haƙora uku ne na 12 bolt, ke nan 4.5 gaba ɗaya. Babban had-dis kuwa lokacin da zai tashi daga tsaye yana iya jan wajen amfiya 2 shi kaɗai kafin ya daidaita ya koma cin kaɗan. To in aka ɗauki baki ɗaya aka sa masa reshe aka rataya dis huɗu, duk sanda aka kunna sun nemi kusan 8 ta hanyar da aka yi wa 4.5, kamar ka ɗauko ƙaramin tiyo ɗaya ka ce fangali huɗu zai shayar a lokaci guda. A wurin da wuta ke zaune saba sai ta yi watanni ba a kashe ta ba, mu kuwa a ƙauye a rana ɗaya daga wutar layi a koma inji daga inji a koma inbata, kowane sauyi tashi ne sabo, shi yasa abin da zai jima bai nuna ba a wani wuri a wurinmu yake saurin nunawa. Kar a wuce dis biyu a reshe ɗaya, a rarraba su kan igiyoyi daban-daban na fawa-fak, kuma a sa UPS tsakani ko ƙarami ne don kar sabar ta dinga mutuwa duk sanda aka canza layi.

Kuma ina roƙon 'yan'uwana masu gyara, a daina yanke waya a murɗa a naɗe da baƙin salatif a cikin saba. Haka kuma fawa-fak irin wanda wayoyinsa ake zarewa daga jikinsa, kar a ɗauko wayar wani kamfani a soka a na wani don kawai ta shiga, gefen da ke shiga fawa-fak kowane kamfani da yadda ya jera nasa, sai 12 bolt ta bi hanyar 5 ta kashe duk dis ɗin da ke kan igiyar a kunnawa ɗaya. Wannan abin yana min ciwo sosai saboda ba ƙarfe kaɗai ake asara ba, rajistar da mata suka yi tafiya daga ƙauyukansu aka rubuta ce. In Allah yasa aka ceto bayanan 'yar'uwa, ki sa a dinga kwafe su duk mako a wani dis na waje da za a ajiye a wani ɗaki daban.

Daga wani ɗalibi a Kazaure: Wai gaskiya ne in na sayi wayar da aka rubuta SATA 3 sabar zata ƙara gudu?

A'a. SATA ta farko gigabit 1.5 ce a daƙiƙa, ta biyu 3, ta uku da ta fito a 2009 kuma 6, amma wannan gudun na bod ne da dis, wayar kusan duk ɗaya ce in dai lafiyayya ce kuma bata wuce mita 1 ba. Had-dis mai juyawa ma ko ta biyun baya cikawa. In gudu kake nema sa SSD, dis ɗin da babu faifai mai juyawa a cikinsa, shi ne zai kai ka wajen 500MB a daƙiƙa a bakin SATA 3, kuma yawanci 5 bolt kawai yake ci.

Daga wani mai gyaran kwamfuta a Bichi: Abokin aiki ina gaisuwa. Na sa katin RAID na sayo wayar nan mai kai ɗaya babba da 'ya'ya huɗu na SATA, na jona dis huɗu duk suna juyawa amma katin ko ɗaya bai gani ba, na canza kati har sau biyu.

Ina amsawa abokin aiki, bar katin haka, wayar nake zargi. Babban kan shi ne Mini-SAS, SFF-8087 a tsofaffin katuna ko SFF-8643 mai siffar ɗan akwati a sababbi, hanya huɗu ce a cikinsa. Abin da ba a faɗa wa mutum a wurin saye shi ne wayar iri biyu ce kuma da ido baka bambance su. Akwai mai tafiya gaba, babban kai a kati 'ya'yan a dis, a ledarta ana rubuta forward. Akwai mai dawowa baya da ake rubuta wa reverse, ita 'ya'yan ne ke shiga bakunan SATA na bod babban kan ya tafi allon da ake soka dis a jikinsa, wato bakfilen. An sarƙe igiyoyin aikawa da na karɓa daban a cikinsu, don haka in ka sa ɗaya a wurin ɗaya komai zai shiga daram amma ba abin da zai gani, ba kuma ta ƙona komai. Kai mai tafiya gaba kake buƙata. In zaka aika Legas ko ka shiga titin Beirut a Kano ka ce a nuna maka ledar ka karanta da kanka, in babu leda a gwada maka a gabanka.

In ta zo ka lura 'ya'yan suna da lamba a jiki, P0 zuwa P3 ko 1 zuwa 4, bi su a jere daga sama zuwa ƙasa. Kuma in katin Dell ne kar ka haɗa SAS da SATA a rukunin RAID ɗaya, bazai yarda ba.

Daga mai kula da wata cibiyar CBT a ƙasar Birnin Kudu: Ranka ya daɗe sabarmu irin mai kwanciyar nan ce, dis ɗin ta gaba ake turawa a tire babu wata waya. Fitilar ɗaya ta koma ruwan goro tana ƙiftawa, kuma jarrabawar gwaji saura kwanaki. Zan iya zare shi tana kunne ko sai na kashe?

Tare da naka. Wayoyin suna nan, a ɓoye suke. A bayan tirorin akwai wani allo a tsaye da ake kira bakfilen, shi ke ɗauke da bakunan da dis ke shiga, ta bayansa kuma wayar wuta ɗaya mai kauri da wayar Mini-SAS ɗaya ko biyu ne suka tafi katin RAID. Irin wannan an yi ta ne don a canza dis tana kunne, har haƙoran ƙasa wato ground an yi su sun fi sauran tsawo don su riga taɓawa. Amma da sharaɗi, sai in RAID ɗin mai kariya ne kamar 1 ko 5 ko 10. In RAID 0 aka yi maka babu kariya ko kaɗan, dis ɗaya ya tafi duk sun tafi. Don haka ka fara kwafe bayananka yau ɗin nan kafin ka taɓa komai, sannan ka tabbatar da wane RAID ne, a tsofaffin Dell Ctrl da R ake dannawa lokacin tashi, a HP irin G7 kuma F8.

Wajen zarewa ka kalli fitilar sau biyu, don a RAID 5 in ka kuskure ka zare lafiyayye ga ɗaya dama ya faɗi to rukunin ya rushe. Buɗe hannun tiren ka ɗan jawo shi kaɗan ya rabu da allon, ka jira kamar daƙiƙa 30 faifan ya tsaya sannan ka fito da shi. Sabon ya zama iri ɗaya da tsohon, girmansa daidai ko ya fi, ka ɗaure shi a tiren ta ramukan da zasu sa bakinsa ya kai ƙarshen tire, don in ya noƙe ciki bazai taɓa allon ba. Sukurorin tiren gajeru ne masu shafaffen kai, kar a sa dogo. Tura shi a hankali har ya zauna sai ka rufe hannun, zai fara sake gina kansa, yana iya ɗaukar awoyi, a tada inji a bar shi kar wuta ta yanke a tsakiya.

In dis ɗin na hannu ne ƙila katin ya nuna maka Foreign, wato ya ga ragowar tsarin wata saba a kansa. A wannan sabon kaɗai zaka goge. Amma in wata rana ka ga dis ɗinka na asali sun koma Foreign bayan an taɓa waya, Import ake yi ba Clear ba, in baka tabbata ba ka ɗau hoton allon ka tambaya kafin ka danna.

Daga wani mai shagon buga takardu a Gaya: Malam nawa dis ɗin wata rana ya fito wata rana ya ɓace, in na ɗan bubbuga akwatin sai ya dawo.

Daina bubbugawar Alhaji, dis mai juyawa baya son girgiza, kan da ke karatu dab da faifan yake shawagi. Amma abin da ka faɗa ya nuna sako-sako ne a wani wuri. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka nemi layin C7, wato lamba 199, shi ke ƙirga kuskuren da ake samu a hanya tsakanin dis da bod. In lambar tana ƙaruwa to wayar data ce ko bakinta. Lambar bata komawa sifili ko ka gyara, abin dubawa shi ne ta daina hawa. In kuwa layin 05 ko C5 ne ya yi rawaya to wannan faifan ne da kansa ya fara lalacewa, kwashe kayanka tun yana amsawa.

Sayi sabuwar waya mai kilif, kar ka naɗe ta ka karya ta kamar takarda kuma kar ka ɗaure ta tamau har tana jan bakin dis, bar mata ɗan sassauci. In murfin akwatin yana danne ta ka nemi mai lanƙwasasshen kai. Bakin SATA na ciki ba a yi shi don cire-saka kullum ba, wajen sau 50 aka ƙiyasta masa, don haka in kana yawan jona dis ɗin kwastomomi ka sayi akwatin USB na waje ka ƙyale na cikin. Ga kuma ƙura, shagon da ke bakin titi da hunturu cikin 'yan makonni zaka ga ta yi dam a bakuna da fankoki, ta toshe iska dis ya yi zafi, balle in an shiga Afrilu da Mayu, a wannan manhajar zaka ga zafinsa, in yana haura 50 a nemi iska. Fitar da ita waje bayan ka zare wuta ka busa da buluwa kana riƙe da fankokin da yatsa kar su yi ta juyawa, a ɗaga ta daga ƙasa a ɗora kan tebur, sannan ka samu farin salatif ka rubuta lambar baki a kan kowace waya da lambobi huɗu na ƙarshen siriyal ɗin kowane dis a gefen da ake gani in an buɗe murfi.